Wane allon kwamfuta zan saya mai araha kuma hotonsa ya fita tas?

Ɗan'uwa, tunda ka ce aikin rubutu da kallon bidiyo za ka yi, kuɗin kuma ba su da yawa, fara duba irin gilashin allon kafin sunan kamfani. Iri uku ne suka fi yawa: TN, VA da IPS. TN ya fi araha, amma da ka ɗan karkata kai launi ya dushe. VA yana fitar da baƙi sosai, bambancin haske da duhunsa kan kai 3000:1, shi ya sa yake daɗin kallon fim da dare. IPS kuwa yakan tsaya a wajen 1000:1, sai dai launinsa ba ya canzawa ko ta gefe ka kalla. Ni dai IPS zan ɗauka.

Sai girma. Inci 24 mai ɗigogin hoto 1920x1080 shi ne daidai aljihu. Kada girman inci 27 ya ruɗe ka in ɗigoginsa 1080 ne kawai, domin rubutu zai yi kaushi, a wannan girman 2560x1440 ake so. Saurin sabunta hoto na 75Hz ya wadatar in ba wasan kwamfuta kake yi ba.

Waɗannan lambobin miliyoyi da ake rubutawa a kwali kan bambancin haske, talla ce kawai. Nemi wanda yake nuna kashi 99 na sRGB (ma'aunin launukan allo), yana da mashigar HDMI (inda ake jona wayar da ke kawo hoto daga kwamfuta), sannan ranar da ka kunna shi ka buɗe farin shafi da baƙi, ka duba ko akwai mataccen ɗigo (wanda ba ya canza launi) tun garanti bai ƙare ba.