Ciwo a hagun ƙwaƙwalwa, shanyewa a dama

Tambaya: Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Magana ta ɗauke masa, amma yana gane abin da muke faɗa. Hoto ya nuna ciwon a hagun ƙwaƙwalwa yake. Anya ba a yi kuskure ba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Babu kuskure. Mafi yawan jijiyoyin da ke kai umarnin motsi suna gittawa ne a gindin ƙwaƙwalwa, dab da inda ta haɗu da laka, don haka hagun ƙwaƙwalwa ke sarrafa ɓarin jiki na dama.

Batun maganar kuwa, tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", amma yana fahimta. Bayan rasuwarsa aka tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu, can ƙasa. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: lahani ta baya, wajen saman kunne, magana na zuba ba ma'ana, fahimta ta tafi. Na Baba ya fi kama da na farko. Jijiyar jini guda ce ke shayar da wurin furuci da mai motsa fuska da hannu, shi ya sa hannu kan fi ƙafa mutuwa.

Ku riƙa yi masa gajerun tambayoyin "e" ko "a'a", ku ba shi lokaci, kada ku ƙarasa masa kalma. Idan baki ya sake karkacewa, a garzaya asibiti: maganin narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi da fara alamun ake ba da shi, bayan hoto ya tabbatar ba fashewar jijiya ba ce.