Wai wa ya fara ƙera kwamfuta?

Malam ka ce wa ya fara ƙera kwamfuta, to gaskiya ba mutum ɗaya ba ne, amma in dole sai an kama suna to Charles Babbage ɗan Ingila ne. Kafin shi Blaise Pascal na Faransa ya haɗa wata 'yar na'ura a 1642 don rage wa babansa wahalar lissafin haraji, sai dai tarawa da ɗebewa ne aikinta.

Shi Babbage kurakuran masu lissafi da hannu ne suka dame shi, ya fara da wata na'urar lissafi mai suna Difference Engine a 1822, gwamnati ta zuba kuɗi har ta gaji, suka ɓata da maƙerinsa aiki ya tsaya, shi kuwa gogan maimakon ya ƙarasa sai ya koma zana wadda ta fi ta, Analytical Engine. Wannan ce kwamfutar a ganina, don ma'ajiyar lambobinta daban wurin lissafi daban, umarni kuma da kati mai huji-huji za a ba ta irin na injin saƙar Jacquard. Ada Lovelace, wata masaniyar lissafi 'yar Ingila, ta rubuta mata tsarin lissafi a 1843, amma har Babbage ya mutu a 1871 ba a gina ta ba fa.