Tambaya da Amsa: Rundunar Sahabbai Ta Iso Ƙasarmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga unguwar Bagalam, nan Maradi. Mun yi gardama da abokina a fada muna shan shayi. Ya ce da takobi aka musuluntar da duk ƙasashen da Musulmin farko suka ci da yaƙi, har da tamu. Shin rundunarsu ta iso nan? Kuma me suka bari a bayansu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Yaƙi kam an yi shi, kada ka yi wa abokinka musu a nan. A 636 aka karya rundunar Rum a Yarmuk, ba da jimawa ba ta Farisa ta watse a Ƙadisiyya. Amru ɗan Asi ya shiga Masar a 639, zuwa 642 Iskandariyya tana hannunsa. An zubar da jini, an kama bayi, an ɗora jiziya, wato harajin da ake karɓa daga waɗanda ba Musulmi ba, da harajin ƙasa.

Inda abokinka ya kauce shi ne, cin ƙasa daban, shigar mutane addini daban. Mayaƙan nan ba su ma cika zama cikin mutanen gari ba, sansani suke kafawa a gefe, kamar Basra da Kufa a Iraƙi, da Fusɗaɗ a bakin kogin Nilu. Masar ta ɗauki ƙarnuka kafin mafi yawan mutanenta su musulunta, kuma Kibɗawa, Kiristocin Masar, na nan har gobe da majami'unsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wasu gwamnonin Banu Umayya sun ci gaba da karɓar jiziya daga hannun waɗanda suka riga suka musulunta, don kada baitulmali ya rame, sai da Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi halifanci daga 717 zuwa 720, ya tsawata. Wanda musuluntar talakawansa ke rage masa kuɗin shiga, yaya za a ce ya tilasta musu? Harshe ma haka ya bi a hankali: wajen shekarar 700 Abdulmalik ɗan Marwana ya mai da rubutun gwamnati zuwa Larabci, Masar da Sham suka rikiɗe zuwa Larabci, Farisa kuwa ta musulunta ta riƙe harshenta.

To, ƙasarmu fa? Masana tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa wajen 666 Uƙba ɗan Nafi'u ya ratsa Fazzan har ya kai Kawar, wato yankin Bilma da Dirku na yau, ya ɗora haraji ya juya. Iyakarsa ke nan. Ƙasar Hausa ba ta ga ƙurar dawakinsa ba. Mu da fatake da malamai addini ya same mu: Wangarawa a Kano zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14, sannan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15. Jihadin 1804 da ya sa sarakunan Katsina suka dawo Maradi babi ne mai zaman kansa, in kana so ka sake rubuto mini.

Amma Uƙba ya bar mana gado ta wata ƙofar. A 670 ya kafa sansanin Ƙairawan a Tunisiya ta yau, sansanin ya zama birnin malaman Malikiyya. A can Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a 996, ya rubuta Risala, wadda na durƙusa na karanta a zauren malamina bayan na gama Ishmawi, takardunta jajaye, gefensu duk ya cinye da hannu.

Ranar Asabar da ta wuce na raka jikana makarantar allo. Na karɓi allon yaron da ke kusa da shi, tawada ba ta gama bushewa ba. Harafin fa ɗigonsa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya tak a sama, yaran suna rera karatu da ruwayar Warshu. Wannan hannun Magariba ne, wato salon rubutun yankin da Ƙairawan take. Ka buɗe Alƙur'ani bugun Madina da alhazai ke kawowa tsaraba, za ka ga fa ɗigonta a sama, ƙaf da ɗigo biyu. Gobe in za ka fada, ari allon ƙanenka ka haɗa da bugun Madina, ka ajiye su gaban abokinka kafin shayin farko ya tafasa.