Maigidana ya ƙi zama da waɗanda aka yi wa irin tiyatarsa ta kansar huhu

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mako bakwai ke nan da aka cire wa maigidana ɓangaren ƙasa na huhunsa na dama saboda kansa. Likitoci sun ce aiki ya yi kyau, amma tun da aka sallamo mu ya zama shiru-shiru, ɗan taku kaɗan sai haki, da dare kuma ba ya barci. Wata nas ta ce ya kamata ya riƙa haɗuwa da waɗanda aka taɓa yi wa irin wannan aikin. Shi kuwa ya ce ba zai je ya zauna cikin marasa lafiya ana tuna masa da mutuwa ba. In matsa masa ne, ko in ƙyale shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa sauƙi, ke ma sannu da jinya.

Kada ki matsa masa, amma kada ki bar maganar ta mutu. Shawarar nas ɗin tana kan hanya, sai dai taron jama'a ba shi ne kaɗai ƙofar shiga ba.

Bari in fara da jikin, domin rabin shirun nan daga can yake fitowa. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. An cire masa ɗaya, sauran za su buɗe a hankali su cike gurbin, amma wannan aikin watanni ne. Haki da gajiya a mako na bakwai abu ne da muke gani kullum, musamman idan buɗe ƙirjin aka yi ta tsakanin haƙarƙari. Ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiya mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ta kan ji jiki wurin aiki. Shi ya sa wasu ke jin zafi kamar ƙuna, ko suka, ko wurin ya mutu ba sa jin taɓawa, har bayan ɗinki ya warke sarai. Mutumin da ba a yi masa wannan bayani ba, duk sukar da ya ji da tsakar dare sai ya ce kansar ce ta dawo. Ba zai faɗa miki ba don kada ya tayar miki da hankali. Ba zai faɗa wa likita ba don ganin minti goma ne, kuma maza da yawa gani suke ƙorafi gazawa ce.

A nan ne amfanin wanda ya riga shi bin hanyar yake. Ni zan iya ce masa ciwon jijiya ne, ya gyaɗa kai. Amma idan wani ya ɗaga rigarsa ya nuna masa irin tabon, ya ce ni ma na yi wata huɗu ban iya kwanciya ta wannan gefen ba, yanzu ga ni ina hawa bene, maganar takan shiga inda tawa ba ta kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda aka yi wa aikin su ne suka san yadda ake rungume matashi a ƙirji kafin a yi tari, da yadda ake jera matasai a kwana a jingine, da fargabar da ke kama mutum mako guda kafin ranar hoton ƙirji. Hoton nan kuwa zai daɗe ana yi, galibi duk wata shida a shekaru biyun farko, sannan sau ɗaya a shekara, saboda haka fargabar za ta riƙa dawowa, gara ya sami wanda zai kira idan ta zo.

Akwai kuma wani nauyi da masu kansar huhu ke ɗauka fiye da sauran masu kansa. Duk wanda ya zo dubiya, tambayarsa ta farko ita ce ko yana shan sigari. Wanda ya sha sai ya ji ana ce masa shi ya jawo wa kansa, wanda bai taɓa sha ba, kuma suna da yawa, sai ya gaji da kare kansa. A tsakanin masu irin ciwon babu mai yi wa wani wannan tambaya da sigar tuhuma. In har yana sha, dainawa yanzu tana da amfani sosai, kuma asibiti na da magungunan da ke taimakawa.

Kada dai ki sa rai da abin da ba a tabbatar ba. A 1989 likita David Spiegel na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar da binciken da ya nuna matan da kansar mama ta yaɗu a jikinsu, waɗanda ke halartar zaman tallafa wa juna, sun fi daɗewa a raye. Labarin ya zaga duniya. A 2001 wani bincike mafi girma da aka yi a Kanada bai ga ƙarin tsawon rai ba, amma ya ga raguwar damuwa da ta jin ciwo. Wannan shi ne abin da zan iya yi miki alkawari a kai, kuma ga mutumin da ba ya barci ba ƙaramin abu ba ne.

Tsoronsa ma yana da tushe. A taro zai haɗu da wanda cutarsa ta dawo, wata rana kuma a ce wane ya rasu. Zai haɗu da wanda aka yi wa aiki ta ƙananan ramuka da kyamara, ya koma bakin aiki da wuri, sai ya fara ganin shi ne jikinsa ya ƙi. Alhali girman aikin, matakin cutar, shekaru da ƙarfin huhu kafin tiyata duk sun bambanta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa ni na bar maganin asibiti na koma kaza. Idan likitansa ya tsara masa ƙarin magani bayan tiyata, ko na ƙarin ruwa ko na haɗiya, babu wani abokin jinya da ke da hurumin sauke shi daga kai.

Don haka ki fara da mutum ɗaya. Ki koma wurin nas ɗin ki roƙe ta ta nemo wanda aka yi wa aiki irin nasa, sa'ansa ko kusa, wanda ya kai shekara da warkewa, kuma ya yarda a kira shi. Kada ki ce masa za a ba ka shawara. Ki ce akwai wani da aka cire wa daidai inda aka cire maka, ina so mu tambaye shi yadda ya yi da kwanciya. Kiran waya ɗaya ya isa a fara, kuma idan sun fara magana ki ba su wuri. In sun saba, su riƙa fita tattaki tare, domin tafiya a ƙafa kullum ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, da jan dogon numfashi da motsa kafaɗar gefen aikin, su ne ginshiƙin farfaɗowa. In ya ce a'a yanzu, ki bari sai ranar hoto ta matso ki sake tayar da zancen. Ke ma kina iya neman wata da ta yi irin jinyar nan, ko da shi bai je ko'ina ba.

Wasu alamu kuma ba na aboki ba ne, na asibiti ne a ranar: zazzaɓi, tarin jini, hakin da ya ƙaru farat ɗaya, kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, bugun zuciya ba bisa tsari ba, ko ruwa da mugunya daga wurin ɗinki. Haka nan idan shirun ya wuce mako biyu tare da ƙin cin abinci, yanke ƙauna, ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne da ke da magani, ki faɗa wa likitansa ko da shi bai so ba. Rashin barcin ma ki ambata a zuwa na gaba, ki bayyana ko ciwo ne ke tashinsa, domin ciwon jijiya yana da nasa maganin daban da na ciwon jiki da aka saba ba shi.