Me ya sa manya ke cewa a zauna kafin a je kotu?

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce an sallami abokinka daga aiki ba a biya shi haƙƙinsa ba, da ya ce zai kai ƙara sai manya suka taru a kansa, wai a zauna a sasanta, ba a gaggawar zuwa kotu. Kana tambaya ko wannan al'ada hikima ce, ko kuwa tsoron kotu ne muka gada muke lulluɓe shi da sunan zaman lafiya. Ka kuma ce ko ya je ma, wanda ba shi da kuɗin lauya ba ya cin shari'a.

Akwai hikimar, akwai tsoron. Amma al'adar ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma alƙalai ma sun san da ita. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya ce sulhu ya halatta, sai dai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. A cikin wasiƙar nan dai ya umarce shi da ya daidaita mutane a zamansa da kallonsa, don kada babba ya sa rai da son kai, kada mai rauni ya fid da rai da adalci. Ka lura, a takarda ɗaya aka haɗa su. A ganina sulhu yana da daraja ne idan mai rauni ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa in zaman ya watse. Wanda aka zaunar alhali bai san hanyar kotu ba, kuma ba shi da mai tsaya masa, sunan abin sulhu, amma danniya ce. To bari in nuna maka ƙofofin.

Da farko ka raba shari'a gida biyu. Akwai ta laifi, kamar sata da kisa da fyaɗe, inda hukuma ce mai ƙara, wanda aka cuta shaida ne kawai. A nan wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, tabbacin da ba ya barin shakka mai ma'ana. Akwai kuma ta haƙƙi tsakanin mutane, bashi, haya, albashi, fili, inda alƙali ke auna hujjar ɓangarorin biyu ya ga wadda ta fi nauyi. Sulhun manya a wannan gida na biyu yake da mazauni. Duk dattijon da ya ce a rufe maganar fyaɗe a zaure, kada ka bi shi, ko da ni ne.

Sai matakai. Kusan kowace ƙasa tana da kotun farko, da ta ɗaukaka ƙara, da ta ƙoli. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne kotun farko ce ke jin shaidu da kunnenta. Na sama galibi takardun shari'ar suke karantawa, su duba ko alƙalin ƙasa ya kauce wa doka. A Faransa ma kotun ƙolinsu a ƙa'ida ba ta sake auna abin da ya faru, in ta ga kuskuren doka sai ta soke hukuncin, yawanci ta mayar da shi wata kotu. Saboda haka mai cewa "bari mu je sama, can zan kawo shaiduna" ya makara. Ɗaukaka ƙara kuma da wa'adi take. A Najeriya, hukuncin ƙarshe na babbar kotu a shari'ar haƙƙi, wata 3 ne, wanda ya wuce sai ya roƙi alfarmar kotu, ita kuma ba dole ta ba shi ba. Shigar da ƙarar ma tun farko da wa'adinta. Nan ne zaman sulhu ke zama tarko: mai ƙarfi ya yi ta cewa gobe, jibi, har lokacin doka ya ƙare.

Maganar abokinka kuwa ba ta kotun da ke shari'ar ɓarayi ba ce. Ƙasashe sun daɗe da gane cewa wasu rigingimu suna buƙatar zama na musamman, mai sauƙin ƙa'ida, wanda masu yanke hukunci a cikinsa sun san sana'ar. Na haraji daban, na zaɓe daban, na ƙwadago daban. A Faransa tun 1806 aka kafa majalisar farko ta irin wannan a birnin Liyon, yau kuma masu zama a kujerar hukuncinta rabi daga ɓangaren ma'aikata suke, rabi daga masu ɗaukar aiki. Kuma ka san da me suke farawa? Da zaman sasantawa. Sai ya gagara ake shiga shari'a. A Ingila ma tun 2014 ba ka kai ƙarar aiki sai ka fara sanar da hukumar sasanta ma'aikata. Najeriya tana da kotun ƙwadago ta ƙasa, Legas kuma ta buɗe zauren sasanci a cikin harabar kotu tun 2002. Wato abin da manya ke faɗa, doka ta ɗauka, sai dai ta sa masa mai shiga tsakani da ba ya cin tuwon kowa, ta kuma bar ƙofar shari'a a buɗe a bayansa.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne gaskiyar da ta fi ɗaci a saƙonka. Ba zan ce maka mai kuɗi da talaka daidai suke a gaban kotu ba. Mai kuɗi yana iya jure ɗage zama sau nawa, talaka kuwa kowace ɗagewa yinin aikinsa ne ya tafi. Ingila ta gwada sa wa ma'aikata kuɗin shigar da ƙara a 2013, ƙararraki suka ragu ƙwarai, har a 2017 kotun ƙolinsu ta soke kuɗin, ta ce ya tare wa mutane hanyar adalci. Ka ga kuɗi kaɗai na iya rufe kotu ba tare da an sa mata kwaɗo ba.

Don haka aka ƙirƙiro lauyan da gwamnati ke biya. Ingila ta yi dokarta a 1949. A Amurka wani talaka ne, Clarence Gideon, da aka tuhuma da fasa wani ɗakin wasa a jihar Fulorida, ya roƙi a ba shi lauya aka hana, ya kare kansa aka ɗaure shi. Daga kurkuku ya rubuta wa kotun ƙoli da fensir, a 1963 ta ce dole jiha ta ba wanda ake tuhuma da babban laifi lauya in ba shi da hali. Da aka sake shari'ar da lauya a gefensa, sai aka wanke shi. Mutum ɗaya, tuhuma ɗaya, abin da ya canza kawai mai tsaya masa. Najeriya ta kafa hukumar tallafin shari'a a 1976, dokar 2011 kuma ta ce an yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba.

Kada dai ka ɗauka lauyoyin nan sun wadata. Kusan ko'ina sun yi kaɗan, kuma ana fara tura su wajen masu jiran shari'a a gidan yari, wanda ya dace, tunda wanda ke tsare ya fi mai bin albashi matsuwa. Ingilar ma ta zaftare tallafin shari'ar haƙƙi da dokar 2012. Shi ya sa ake haɗawa da lauyoyin da ke aiki kyauta ta ƙungiyarsu, da ofisoshin taimako na tsangayoyin shari'a a jami'o'i.

Abin da zan ce abokinka ya yi: ya je zaman manya, kada ya raina su, amma kafin ranar ya nemi lauya ko ofishin tallafi ya tambayi abu biyu, wace kotu ce ke da hurumi, kuma wa'adinsa yaushe zai ƙare. Ya tara takardar ɗaukarsa aiki, da ta sallama, da shaidar albashin da aka saba biyansa. In an daidaita, a rubuta, da adadi da ranar biya, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. In kuwa ya riga ya shigar da ƙara, a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya amince da ita, daga nan ta zama hukunci, wanda ya saɓa ana iya kama dukiyarsa a kanta.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.