Ku Tambaya Mu Amsa: Fim ɗin minti biyar da wayar hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka mana da shawara. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen koyon aikin jarida nan Kaduna, an raba mu rukuni-rukuni an ce kowanne ya kawo gajeren fim na minti biyar cikin sati uku. Mu shida ne, labarinmu na wata yarinya ce mai tallan awara da take so ta koma makaranta, har mun rubuta shafi 14. Yanzu rigimar da muke yi, wasu sun dage sai mun yi karo-karo mun ɗauko hayar kyamara, ni kuma na ce wayoyinmu sun isa. Wa ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. A maganar waya ke ce da gaskiya, amma ni abin da ya fi tsaya min a rai wannan shafi 14 ɗin ne. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya yake ci, kinga kenan kun rubuta fim ɗin kusan kwata na awa alhali minti biyar aka ce. Ku zauna ku rage shi zuwa shafi biyar, lokeshan biyu, 'yan wasa kar su wuce uku. Labarinku mai kyau ne wallahi kuma ya taɓa ni, to amma minti biyar ba zai ɗauki rayuwar yarinyar nan duka ba, ku zaɓi yini ɗaya kacal, misali ranar da ta kai talla bakin tsohuwar makarantarsu ta hango 'yan ajinsu suna fitowa tara. Wannan kaɗai fim ne.

Kuɗin karo-karon kuma in har za ku haɗa, ku sai ƙaramin makirfo ɗin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Mai kallo zai haƙura da hoton da bai fita tas ba, amma da zarar ya kasa jin me ake cewa to ya bar ku, lakcaran ma haka. Kuma kin san Kaduna, in ba janaretan maƙwabta ba to hon ɗin keke Napep ne, ko injin markaɗe, in damina ce ruwa a kan kwano ya isa ya cinye muku magana gaba ɗaya. In ba halin makirfo, ku sa waya ta biyu a rikoda ku ɓoye ta kusa da mai magana, cikin aljihun gaba ko bayan bokitin awarar, sannan kafin kowace ɗauka wani ya shigo gaban kyamara ya faɗi lambar sin ɗin, wato sashen fim ɗin da ake ɗauka, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, da wannan tafin mai editin zai daidaita hoto da sauti. In kun gama da wuri kowa ya yi tsit na sakan 30 a naɗi shirun wurin, da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Ku kuma tsara aiki da lokutan sallah a ranku, ana fara kira ku dakata ku je ku yi.

Wayar a kwance za ku riƙe ta, ku goge gilashin, ku sa ta a yanayin jirgin sama kar kira ya katse muku ɗauka, ku danna fuskar 'yar wasan ku riƙe har haske ya kulle. Duk fim ɗin da waya ɗaya, ku saita ingancin hoton a 1080, don 4K cika memori kawai zai yi ya wahalar da kwamfutarku. Hasken da ya fi kyau shi ne na safe kafin rana ta ɗaga da na bayan la'asar, na tsakar rana yana sa inuwa a ƙarƙashin ido. A ɗaki ku zaunar da ita tana fuskantar taga, kar tagar ta zama a bayanta.

Kafin ranar shutin ku rubuta kowace ɗauka a takarda, ta nesa, ta tsakiya, ta kusa, har da hannunta yana juya awara a mai da canjin da take ƙullewa a bakin zani, irin waɗannan ƙananan hotunan su ke ceton mai editin. Mutum ɗaya aikinsa kawai ya riƙa ɗaukar hoton kayan kowa, kar yarinya ta fita gida da hijabi ruwan toka ta iso titi da shuɗi. In mutum biyu na magana, ku tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu, kuna tsallakawa zai zama kamar ɓangare ɗaya su biyun suke kallo.

Sai maganar izini, dan Allah kar ku raina ta. Ku karɓi takarda daga sashenku, ku je ku gaida mai unguwa, in yarinyar ƙarama ce iyayenta su amince tukuna kuma ku sallame ta da wani abu, tunda kun hana ta tallanta na ranar. Kaduna gari ne mai barikoki da yawa, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ga sansanin sojin sama, ko kusa kar ku ɗaga waya a irin wuraren nan ko a shingen jami'an tsaro.

TAMBAYA: Malam mu mun gama ɗauka, editin ne ya tsaya mana. Laftof ɗina sai maƙalewa take, kuma da aka turo min bidiyoyin ta WhatsApp duk sun dushe. Sannan za mu iya sa waƙar wani mawaƙi da muke so? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

AMSA: Ƙanina WhatsApp matse bidiyo yake yi in an tura shi kai tsaye, shi ya sa. Ka koma wurin mai wayar da kebul ko filasha ka kwaso na asali, ka ajiye su wuri biyu kafin ka taɓa komai. Manhajar editin ta DaVinci Resolve kyauta ce amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, in taka ba ta ja ka koma CapCut, ko a waya ma za ta yi maka fim ɗin minti biyar lafiya lau. Ka fara jera labarin daga farko zuwa ƙarshe ba ado ba gyaran kala, ka nuna wa wanda bai san labarin ba, ƙanwarka ko wani a majalisarku, ka kalli fuskarsa, duk inda ya ɗauke ido to nan ne wurin yanka.

Waƙa kuwa haƙƙin mai ita ce, Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma in kun ɗora a YouTube na'urarsu na iya gano ta a toshe bidiyon ko kuɗin talla ya tafi wurin mai waƙar. Ku nemi wani a makarantarku mai kaɗa gurmi ko busa sarewa ya yi muku ɗan kiɗa na minti ɗaya, ku sa sunansa a ƙarshen fim. Ka fitar da fim ɗin kwana biyu kafin ranar miƙawa saboda halin wuta, ka saurare shi a lasifikar waya da kuma abin kunne, in muryar ta fita a duka biyun sai ka kai.