Gaiwa ba ta cikin kifaye marasa muƙamuƙi

Ɗana, ka tambaya ko gaiwa na cikin kifayen da littafin bayoloji ke kira Agnatha, wato marasa muƙamuƙi, kuma ko su ma ana lissafa su cikin masu ƙashin baya. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a sakandare a nan Kaduna, kuma ɗalibai sun saba kawo gaiwa misali don sun ga jikinta dogo ne. A'a, gaiwa ba ta cikinsu. Tana da muƙamuƙi, tambayi masunta su ba ka labarin cizonta. Tarwada, karfasa, giwan ruwa, duk kifin da ake kamawa a Kogin Kaduna mai muƙamuƙi ne.

Marasa muƙamuƙi gida biyu kaɗai suka rage a duniya, lamfiri da hagfish, nau'o'insu duka sun ɗan haura 100. Bakinsu zagayayye ne, jikinsu guringuntsi, babu ƙashi na sosai. Wasu lamfiri kan manne wa kifi kamar matsattsaku, su kankare fatarsa da harshe mai haƙora su sha jini. Haka suka kusa ƙarar da manyan kifayen tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada a shekarun 1940 zuwa 1950. Shi kuwa hagfish a ƙasan teku yake, mushe yake ci, in an taɓa shi ya saki yauƙi mai kaurin gaske.

Inda ake samun ruɗani shi ne hagfish. Yana da ƙoƙon kai amma ba shi da cikakken ƙashin baya, shi ya sa wasu tsofaffin littattafai suka cire shi daga Vertebrata, wato masu ƙashin baya, suka bar lamfiri a ciki. Daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya nuna su biyun 'yan gida ɗaya ne, Cyclostomata, sannan a 2011 masana a Japan suka gano alamun ƙashin baya a wutsiyar hagfish. A ganina gardamar ta ƙare.

Saboda haka a jarrabawar WAEC ko NECO ka rubuta cewa Agnatha na ƙarƙashin Vertebrata, su ne reshen da ya rabu tun kafin samuwar muƙamuƙi. Gaiwa kuwa, mai huhu, a tsarin masana ta fi kusa da dabbobin tudu masu ƙafa huɗu fiye da tarwada.